Gwaji ya nuna fararen ƙwayoyin jinina sun yi ƙasa, na ajiye magungunan lufus

Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce, shekaruna 28, da ɗa ɗaya. Shekara biyu ke nan da aka gano ina da cutar lufus, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita, bayan na daɗe ina fama da ciwon gaɓoɓi da zubewar gashi da wasu ƙuraje a kumatu da rana ke tayar da su. An ɗora ni a kan Plaquenil da firedinisolon, wata huɗu da suka wuce kuma aka ƙara mini Imuran. Makon jiya na yi gwajin jini, sai na ga an zagaye wani wuri da jan biro, an rubuta WBC 2.8. Yaron da ya miƙo mini takardar ya ce sojojin jikina sun kusa ƙarewa. Tun daga ranar ban yi barcin kirki ba. Mahaifiyata ta ce magungunan ne suke shanye mini jini, yau kwana huɗu ke nan da na ajiye su duka. Yanzu madara da Maltina nake sha safe da yamma, ga hanta, ga zogale. Wata maƙwabciyata ta kawo mini wani magani na kwalba mai tsada, wai yana ƙarfafa garkuwar jiki. Maigidana bai ce uffan ba, amma na ji danginsa suna raɗe-raɗin ko ƙanjamau ne ko sankarar jini. Ranar ganin likitana sai nan da mako biyar. Kuma muna son ƙarin haihuwa. Don Allah a ba ni shawara.

'Yar'uwarku daga Gusau

Wa alaikumus salam. Sannu, ƙanwata, Allah ya ba ki lafiya.

Da na karanta wasiƙarki, ba 2.8 ɗin ba ce ta fi tayar mini da hankali. Kwana huɗun da kika yi babu firedinisolon ne. Jikin mutum yana da wasu ƙananan gabobi biyu a saman ƙoda da suke haɗa wani sinadari mai suna kotisol, wanda yake riƙe da bugun jini da sukarin jiki. Idan mutum ya yi watanni yana shan firedinisolon, gabobin nan sukan kwanta su huta, tunda ana kawo musu aikin daga waje. Ranar da aka yanke maganin farat ɗaya, ba sa iya farkawa nan take. Shi ya sa ake janye shi sannu a hankali, a kan tsarin likita. Don haka yau ɗin nan, ba gobe ba, ki koma kan firedinisolon a adadin da kike sha a da, ki haɗa da Plaquenil. Idan kuma kina jin kasala mai tsanani, ko jiri in kin miƙe, ko amai, ko ciwon ciki, ki ajiye wayar nan ki nufi sashen gaggawa na asibiti, ki gaya musu kin shekara biyu a kan firedinisolon kuma kin daina kwana huɗu.

Imuran shi kaɗai ne zan ce kada ki koma shansa da kanki. Ki bari sai likita ya ga takardar. Amma ba nan da mako biyar ba. Ranar da aka rubuta miki a kati ta mai lafiya ce. Wanda sakamakonsa ya canza yana da haƙƙin a gan shi kafin ranar. Ki je da takardar cikin kwana ɗaya ko biyu, ki nuna wa nas ɗin da ke kula da layin, ki ce a shigar wa likita da ita.

To, yanzu mu zauna da takardar. Ki ɗauko ta.

Abin da aka rubuta WBC shi ne jimlar fararen ƙwayoyin jini, kuma 2.8 na nufin 2,800 a cikin ɗan digon jini da ake aunawa. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar 4,000 zuwa 11,000 a matsayin daidai. Naki ya gaza, babu musu. Sai dai fararen ƙwayoyin nan ba iri ɗaya ba ne. Iri biyar ne, kuma biyu daga ciki su ne suka shafe mu. Akwai nutirofil, masu fara isa wurin da ƙwayar bakteriya ta shiga su cinye ta. Akwai limfosayit, masu riƙe tarihin cututtuka da haɗa makaman yaƙi. Ki duba ƙasan WBC ɗin, za ki ga layin da aka rubuta NEUT ko GRAN, da wani da aka rubuta LYM, kowanne da kasonsa cikin ɗari. Wannan kason shi ne ba ki rubuto mini ba, kuma a nan gizo ke saƙar.

Ga yadda ake lissafin. Idan nutirofil kashi 55 ne, to kashi 55 na 2,800 ya kama 1,540. Mai wannan adadi yana iya zuwa kasuwa, ya je biki, ya rungumi ɗansa, babu abin da zai same shi saboda wannan lamba. Idan kuwa kashi 15 ne, to 420 ke nan, kuma wannan labari ne daban. Likitoci sukan kasa shi haka: daga 1,000 zuwa 1,500 raguwa ce kaɗan, daga 500 zuwa 1,000 matsakaiciya, ƙasa da 500 kuwa ita ce mai haɗari, wadda ƙaramar cuta take iya bazuwa cikin jini a 'yan sa'o'i. Kin ga mata biyu za su iya riƙe takarda mai 2.8 iri ɗaya, ɗaya a ce ta koma gida, ɗaya a ba ta gado. Yaron da ya ce miki sojojinki sun kusa ƙarewa bai yi wannan lissafi ba, kuma ba hurumin mai miƙa takarda ba ne ya yanke wa mutum hukunci. Abin yana ci mini rai, domin kalma ɗaya irin wannan ta isa ta raba mara lafiya da maganinsa.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu musamman, mu baƙar fatar Afirka ta Yamma. Mafi yawanmu an halicce mu ba mu da wani tambari da ake kira Duffy da Turanci a jikin jajayen ƙwayoyin jininmu. Rashinsa yana ba da kariya daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro mai suna bibas. Masu wannan halitta nutirofil ɗinsu a cikin jini yakan zauna ƙasa da na Turawa, har wani lafiyayye garau a auna shi a ga ƙasa da 1,500, kuma ba ya kamuwa da cuta fiye da kowa. Ma'aunin da ake bugawa a gefen takardun gwaji kuwa galibi daga jinin wasu al'ummai aka samo shi. Saboda haka tsofaffin takardunki suna da daraja. Idan tun kafin a fara Imuran jininki yana yawo tsakanin 3.2 da 3.8, to saukowa 2.8 ba faɗuwa ce daga sama ba. Idan kuwa 6 yake a da, dole a nemi dalili da gaske.

Dalilan da za a nema ba su da yawa. Na farko ita kanta cutar. Lufus ai kaikayi ne ya koma kan masheƙiya: garkuwar jiki ta rikice, ta daina bambance na gida da baƙo, tana kai wa fata da gaɓoɓi da ƙoda hari, har da ƙwayoyin jinin kansu. Kusan rabin masu lufus sukan sami raguwar fararen ƙwayoyi a wani lokaci, har ma ƙasa da 4,000 yana cikin alamomin da ake haɗawa a tabbatar da cutar. Yawanci limfosayit ne suke raguwa. Haka ake gani a 'yan'uwanta, irin su cutar Shogiren mai busar da ido da baki, da amosanin gaɓoɓi mai lanƙwasa yatsu, wanda in ya daɗe wani lokaci yakan haɗu da kumburin saifa da raguwar nutirofil. Don a san ko cutar ce ta motsa, likita zai duba wasu sinadaran garkuwa na cikin jini da ake kira C3 da C4, waɗanda suke sauka idan ta tashi, da gwajin dsDNA mai auna makaman da garkuwa ta haɗa don yaƙar jikin mai ita, da fitsari ko akwai furotin ko jini a ciki. Kada ki bari a tsallake gwajin fitsarin. Shi ne mafi araha a cikinsu, kuma lufus yakan ci ƙoda shiru ba tare da ciwo ba.

Na biyu magani, kuma a nan mahaifiyarki tana da rabin gaskiya. Imuran, wato azatayofirin, yana rage aikin ɓargo, can cikin ƙashi inda ake ƙera ƙwayoyin jini. Akwai mutanen da jikinsu ba ya narkar da shi da sauri saboda ƙarancin wani sinadari da ake kira TPMT. Kusan mutum ɗaya cikin 300 ba shi da shi kwata-kwata, wasu da dama kuma nasu kaɗan ne. Shi ya sa ake gwada jini kowane mako biyu a farkon fara shi, sannan wata-wata, sannan duk wata uku. Tunda wata huɗu kacal da fara miki shi, shi ne na farko da za a tuhuma. Idan shi ne, maganin abin mai sauƙi ne: a rage shi ko a tsayar, a sake gwaji bayan mako ɗaya ko biyu, kuma yawanci ɓargo yana farfaɗowa cikin 'yan makonni. Inda gaskiyar Hajiya ta tsaya shi ne, sauran biyun ba su da laifi a nan. Plaquenil da wuya ƙwarai ya taɓa fararen ƙwayoyi, firedinisolon kuwa ƙara yawan nutirofil ma yake yi a takarda, duk da yana rage limfosayit.

Na uku wata cuta ce ta daban da ta shigo: maleriya, taifot, mura mai zafi da sauran cututtukan bairos, tarin fuka, ƙanjamau. Sai ƙarancin sinadarin B12 ko folik asid. Duk waɗannan ana gano su da gwaji.

Na huɗu shi ne wanda ba a cika tambaya ba, kuma shi na fi jin tsoro a ƙasarmu: maganin da aka saya a kemis ba da sanin likita ba. Ba zan manta da wata baiwar Allah ba, mai amosanin gaɓoɓi, tana shan metotirezet sau ɗaya a mako kamar yadda aka tsara mata, shekara da shekaru lafiya lau. Tari ya kama ta, aka sayo mata Septrin a bakin layi. Kwana goma bayan nan 'yarta ta kawo ta a Keke Napep, bakinta duk gyambo, ko koko ba ta iya haɗiyewa, tana ta rawar ɗari. Fararen ƙwayoyinta ba su kai 1,000 ba. Ta kwana biyu a gado kafin Allah ya tashi kafaɗunta. Ba wanda ya yi nufin cutar da ita. Magunguna biyu ne da ba sa haɗuwa aka haɗa. Ke ma Septrin ba ya shiri da Imuran, kuma masu lufus sun fi sauran mutane samun borin jiki daga dangin maganin salfa. Alofurinol, wanda ake sayarwa da sunan Zyloric don ciwon gawut, wato kumburin gaɓa mai raɗaɗi da ya fi kama babban yatsan ƙafa, yana hana jiki narkar da Imuran har ya taru ya zama guba. Kuloramfenikol da ake ba mutane da sunan taifot yana iya kashe ɓargo. Allurar analjin ma haka. Don haka ranar da za ki asibiti ki zuba duk abin da kika sha cikin wata uku a leda, har da na gargajiya, har da kwalbar maƙwabciyarki, ki juye su a teburin likita.

Kwalbar nan kuwa, ki yi wa mai ita godiya, ki ajiye. Garkuwar jikinki ba rauni ne matsalarta ba, ruɗewa ta yi. Duk magungunan da ake ba ki aikinsu su lallashe ta ta sauke makami. In har maganin kwalbar yana yin abin da aka ce yana yi, to zuga ta zai yi. An san ganyen alfalfa, wanda ake sakawa a irin waɗannan haɗe-haɗe, yana tayar da lufus, kuma ana gargaɗin masu cutar a kan ekinasiya da sifirulina. In kuma ba ya yin komai, kuɗinki ne ya tafi, kuɗin da zai biya gwajin jini sau da yawa. Wasu haɗe-haɗen ma ana samun an zuba musu dangin sha-ka-fashe a ɓoye, mutum ya ji daɗin jikinsa na ɗan lokaci, ƙashi da sukari da hawan jini su biya bashin.

Madara da Maltina da hanta ƙauna ce ta uwa, kuma ba na so ki ƙi karɓa ta ji kin raina ƙoƙarinta. Amma ki fahimtar da ita a hankali cewa jinin da muka saba cewa ya yi ƙasa, wanda ake gani a farin ido da tafin hannu, na jajayen ƙwayoyi ne. Shi ne ƙarfen da ke cikin hanta yake taimaka wa. Fararen ƙwayoyi ba sa hawa da abinci, sai dai in rashin B12 ko folik asid ne ya jawo. Ƙarin jini na leda ma ba ya ɗaga su, domin nutirofil ba ya wuce yini guda yana yawo a jini, alhali jar ƙwaya tana kai kwana 120. Ki ci zogalenki, ki ci hanta sau ɗaya ko biyu a mako, ki ci wake da ƙwai da kifi. Maltina safe da yamma kuwa ki rage, saboda firedinisolon da kansa yana ɗaga sukari yana sa ƙiba.

Me likita zai yi ke nan? Sau da yawa amsar takan ba marasa lafiya mamaki: idan raguwar kaɗan ce, ba kya yawan kamuwa da cuta, kuma sauran jikin lafiya, ba a ba da wani magani don a ɗaga lambar. Sa ido ake yi. Ƙara firedinisolon don kawai takarda ta yi kyau gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin shi kansa yana buɗe wa cututtuka ƙofa, kuma burin likitocin wannan fanni a yau shi ne a sauko da shi zuwa miligiram 5 a rana ko ƙasa da haka. Idan cutar ce ta motsa, ita za a kwantar, ƙwayoyin su biyo baya. Idan Imuran ne bai karɓe ki ba, akwai madadinsa da ba su cika taɓa ɓargo ba, kamar takurolimos da saikulosforin, akwai kuma allurai masu tsada irin su ritukzimab da belimumab ga wadda cutarta ta yi taurin kai. Idan nutirofil ya faɗi ƙasa da 500 ga kuma zazzaɓi ko cuta mai maimaituwa, ana yin wata allura a ƙarƙashin fata mai suna filgirastim, tana zaburar da ɓargo cikin 'yan kwanaki. Ga mai lufus ana yin ta da ƙaramin adadi na ɗan lokaci, saboda takan iya tayar da cutar. Wannan aikin likitan gaɓoɓi ne tare da likitan jini, kuma an fi samunsu a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Maiduguri.

Abu ɗaya nake so ki saya a wannan makon: ma'aunin zafin jiki na dijital. Ki ajiye shi kusa da gado. Muddin nutirofil ɗinki yana ƙasa, zafin da ya kai digiri 38 ba na jira ba ne, ko da tsakar dare ne. Kada ki sha farasitamol ki kwanta ki ga abin da gari zai waye da shi, kada kuma a ce ai maleriya ce a sayo magani. Ki je asibiti, ki faɗi a bakin ƙofa cewa kina da lufus, kina shan magungunan rage garkuwa, kuma fararen ƙwayoyinki sun yi ƙasa. Ƙa'ida ita ce a ɗebi jini a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin sa'a guda. Ki sani kuma firedinisolon yana iya ɓoye zazzaɓi, don haka rawar ɗari, ciwon maƙogwaro mai tsanani, gyambon baki, zafin fitsari ko numfashi sama-sama sun isa dalili ko ma'aunin bai hau ba.

Sauran kariyar duk kin san su: gidan sauro kowane dare, wanke hannu da sabulu, tafasasshen ruwa, nama ya dahu sosai, a wanke latas da kabeji da kyau. Nonon da ba a dafa ba ki haƙura da shi. Allurar rigakafi irin ta ciwon hanta da ta sanƙarau da ta nimoniya ba su da matsala, amma ta shawara tana ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, kuma ba a yi wa mai shan Imuran ita sai da shawarar likita. Ki tuna da wannan idan tafiyar Umara ko Hajji ta taso.

Maganar dangin miji ta fi komai ciwo, na sani. Shawarata ki yi gwajin ƙanjamau, ba don su ba, don yana cikin binciken da ya kamata a yi wa duk wanda fararen ƙwayoyinsa suka ragu, kuma minti kaɗan yake ɗauka. Sankarar jini kuwa da wuya ta zo da raguwar fararen ƙwayoyi kaɗai. Yawanci jajayen ƙwayoyi da masu daskarar da jini ma sukan faɗi, kuma idan aka shafa jinin a gilashi aka duba da madubin likita ana ganin baƙin ƙwayoyi. Ki roƙi a yi miki wannan duban. Ba a zuwa ga ɗibar ɓargo sai in an ga abin da bai dace ba. Sannan ki tafi da maigidanki. Shirun namiji a irin wannan hali sau da yawa tsoro ne, ba zargi ba. Ya ji daga bakin likita cewa lufus ba ta yaɗuwa ta kwanciya ko ta kwano, ba jifa ba ce, kuma cikin masu ita goma, tara mata ne, galibi a shekarun haihuwa. In ya fahimta, shi ne zai tare miki bakin danginsa, ba ke ba.

Batun haihuwa kuma, ki faɗa wa likita tun a wannan zuwan, domin shi zai sa ya san abin da zai zaɓa in za a canza Imuran. Plaquenil da Imuran da takurolimos ana iya ɗaukar ciki a kansu. Maikofenolet da metotirezet da saikulofosfamaid kuwa suna nakasa ɗan tayi, dole a daina su tun kafin a fara nema. Abin da ake so shi ne cutar ta kwanta na tsawon wata shida, ƙoda lafiya, sannan a buɗe ƙofa. Kafin nan ku yi tazara da hanyar da likita ya amince da ita, tunda ba kowace ƙwayar tsarin iyali ce ta dace da mai lufus ba.

Idan kin dawo daga asibiti ki rubuto mini kason NEUT ɗin, da abin da gwajin fitsari ya nuna. Ki gaida Hajiya, ki ce mata ranar komawa ta raka ki ita ma.